Godiya ga waɗanda suka yi jinyata bayan aikin fatar ido

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Yau kwana 21 da aka yi mini aiki a fatar idanuna ta sama. Da safiyar nan na zura zare a allura da kaina, ban ɗaga gira ba, ban kira wata yarinya ta taya ni ba. Alhamdulillahi.

Da yawa kun tambaya me ya same ni. Shekaru ne suka ja, fatar ta saki ta sauko har tana kwanciya kan gashin ido. Kafin la'asar goshina ya gaji da ɗaga gira, masu kawo ɗinki kuma sai su ce, "Hajiya, barci kike ji?" Ba zan ɓoye muku ba, bayan matsalar gani har da son in ga fuskata ta dawo yadda na san ta. Sai da na kai maganar gaban malaminmu na Islamiyya, ya bambance mini gusar da cuta da canza halitta, sannan zuciyata ta kwanta. Malam, Allah ya ƙara ilimi.

Aikin kansa bai wuce awa guda ba. Allurar kashe zafi aka yi mini, ina jin hirar likita, ya yanke rarar fatar ta cikin lanƙwasar ido don tabon ya ɓuya, aka sallame ni a ranar. A gida ne na san an yi mini aiki.

'Yar farina, wadda bakina bai saba da kiran sunanta ba, ita ta ɗauki kwana biyun farko. Kowace awa sai ta naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta ta ɗora mini minti 10, ta ɗauke, ta duba agogo. Ta bar mijinta da yaranta ta tare a ɗakina. A daren farko wuta ta ɗauke, ƙanƙararmu ta narke, maƙwabciyarmu ta gidan gabas mai firjin sola ta aiko da kula cike, washegari ma ta sake aikowa ba tare da an roƙa ba. Allah ya sanyaya muku kamar yadda kuka sanyaya mini.

Rana ta uku ce ta fi tsanani. Kumburi ya kai maƙura, jini ya kwanta a kewayen idon ya yi baƙi, man da ake shafawa kuma ya sa komai ya zama hazo-hazo. Jikata ta leƙo ta ganni ta fashe da kuka. Alhaji ne ya zauna kusa da ni yana tuna mini cewa likita ya riga ya faɗa haka za a yi, kuma yakan sauka cikin mako biyu. Shi ke jera mini matashi uku don kaina ya yi sama in zan kwanta, shi ya kwashe asfirin daga ɗakin tunda an ce yana tsinka jini, ya bar farasitamol kaɗai. Maigida, na gode.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne sujada. An hana ni sunkuyar da kai, don haka a kan kujera na riƙa salla da ishara. Na san hadisin Imrana bin Husaini da ke cikin Bukhari, cewa wanda ya kasa tsayuwa ya yi a zaune, amma duk da haka zuciya tana kewar ƙasa. Ranar da likita ya ba ni izini na kai goshina kan darduma, na daɗe ban ɗago ba.

Yaya, abokiyar zamana, ta karɓi girkina gaba ɗaya don kada hayaƙin itace da yajin attaruhu su same ni, ko tsintsiya ba ta bari na taɓa ba. Yaya, Allah ya bar zumunci, ya raya miki zuri'a.

A rana ta 6 aka cire zaren. Ma'aikaciyar jinyar da ta cire shi hannunta sauƙi gare shi, ta kuma ja mini kunne kan kwalli da murza ido, ta ce in riƙa sa baƙin tabarau saboda rana da ƙurar hunturu. Allah ya saka mata da alheri, ita da likitana. Masu ƙaunata da suka ce in ɗiga zuma ko in gasa da ruwan zafi, na san don Allah kuka faɗa, amma ku yi haƙuri, abin da asibiti ya rubuta kawai na bi.

Yaran shago kun riƙe amana, Allah ya yi muku albarka. Masu ankon bikin ƙarshen wata, na gode da haƙurinku. Tabon yana nan ja-ja tukuna, an ce sai ya ɗauki watanni kafin ya dushe, don haka za ku same ni da tabarau. Ranar Litinin in sha Allahu ina shago daga ƙarfe 10 na safe, mai son gwaji ta zo.