Baduku a bakin filin harbi

A Kano na koyi riƙe basilla, a gaban mahaifina, amma yau shekara goma sha ɗaya ke nan abincina na fitowa daga hannun Turawa masu harbin takarda. Shagona ɗan ƙarami ne a garin Woking da ke kudancin Ingila. Mu uku ne a ciki: ni, da maiɗakina mai riƙe lissafi, da wani yaro da ke kan keken ɗinki.

Da gyaran jaka da takalmi na fara. Wata rana wani dattijo ya shigo da kwat mai nauyi kamar sirdi, rabi fata rabi tamfol, robar gwiwar hannunta duk ta cinye. Na tambaye shi ko ta masu babur ce, ya yi dariya ya ce ta harbi ce, a Bisley yake sa ta. Ashe filin harbin da ya fi kowanne suna a ƙasar yana nan kusa da ni, tafiyar 'yan mintoci a mota, ban sani ba.

Abin nasu ya daɗe. A 1859, lokacin da Ingila ke tsoron Faransa za ta kawo mata yaƙi, aka kafa ƙungiyar National Rifle Association don talakawa 'yan sa-kai su iya saiti. Gasar farko a Wimbledon aka yi ta a 1860, Sarauniya Biktoriya ce ta buɗe, ta ja igiyar da aka ɗaura wa kunamar bindiga, harsashi ya sami allo daga yadi 400. Da gidaje suka matso filin, sai aka koma Bisley a 1890. Yaƙin Bowa a Afirka ta Kudu ya sake tona musu asiri, manoman Bowa suka fi sojan Ingila iya harbi, shi ne daga 1901 ƙananan kulob na bindigar .22 suka bazu a ƙauyuka da masana'antu. Irin waɗannan har yau suna harbi a cikin ɗaki daga yadi 25 idan sanyi ya shigo.

Ni dai ba na taɓa bindiga, ba na kuma yarda a shigo min da ita shago. Doka a nan ba ta wasa: sabon ɗan kulob sai ya yi aƙalla wata uku ana lura da shi, lasisi kuma a hannun 'yan sanda yake. Nawa shi ne abin da ke jikin maharbi: kwat, safar hannu, tabarmar kwanciya, jakar kaya, da maɗaurin da ke tashi daga damtse zuwa gaban bindiga.

Wannan maɗaurin ne ya koya min hankali. Mu a gida, fata mai laushi ita ce abin alfahari, jar fatar akuyar Sakkwato da ake naɗewa a tafin hannu kamar ƙyalle. Da aka ba ni aikin maɗauri na farko, sai na ce bari in nuna gwaninta, na zaɓi mafi laushin da nake da ita, na ninka, na yi mata ɗinki mai kyau. Bayan sati biyu mutumin ya dawo ya ajiye min ita a kan tebur. Ruwan sama ya taɓa ta, ta miƙe da kamar faɗin yatsa, shi kuwa yana kwance rub da ciki yana auna allo daga yadi 600. Wannan faɗin yatsan ya watsa masa harsasai. Bai yi faɗa ba, irin nasu, sai cewa ya yi ɗinkin ya burge shi. Maiɗakina ta ce, "Maigida, mayar masa da kuɗinsa, wannan yabon zagi ne." Na mayar. Tun daga ranar sai ƙirgin sa mai tauri, in kuma bi cikinsa da zaren da ba ya miƙewa. Har inda ƙugiya ke zama a damtse nake aunawa, domin in ta hau kan jijiya, bugun zuciyar mutum sai ya bi maɗauri ya girgiza bakin bindiga.

Kakarmu watan Yuli ce, lokacin babbar gasa. Mutane na zuwa daga Kanada, Ostireliya, Kenya da sauransu, kowa da zif ɗin da ya ɓalle ko maɓallin da ya tsinke, kuma kowa gobe da safe yake so. Ranar ƙarshe ake kammala gasar cin Kyautar Sarki, daga yadi 900 da 1000, ba tare da madubin hangen nesa a kan bindiga ba, sai karatun tutocin iska. Wanda ya ci, a kujera ake ɗaukarsa a kafaɗa, 'yan badujala na gaba, a zaga da shi gidajen kulob. A 1930 mace ce, Marjorie Foster, ta hau kujerar nan.

Bara na rufe shago da wuri na je kallo. A cikin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe na hango kwat biyu da na sa wa roba a gwiwa. Ɗaya ma na gane ta ne da jan zaren da na yi amfani da shi ranar da baƙin ya ƙare min.