Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Komawata Makaranta da Ƙugun Ƙarfe

A makon jiya na tsaya ne a ranar da aka sallame ni daga asibiti, bayan likitoci sun cire kan ƙashin cinyata na hagu, wanda ciwon sikila ya kashe saboda toshewar hanyoyin jinin da ke ciyar da shi, suka dasa mini na ƙarfe a gurbinsa. Kafin mu fito, likitan ƙashi ya zaunar da ni a gaban Umma ya gindaya mini sharuɗɗa, cewa kada in tsuguna, kada in zauna a tabarma, kada in harɗe ƙafa, kuma duk inda zan zauna kada gwiwata ta ɗara ƙuguna tudu. Ya ce watanni 3 na farko su ne mafi haɗari, domin naman da ke riƙe da gaɓar bai gama haɗewa ba. Ko salla a kan kujera nake yinta.

Mako 7 da yin aikin aka kafe jadawalin jarrabawa. Umma ta ce in haƙura sai baɗi, amma na riga na yi asarar shekara guda a kwance, 'yan ajinmu na farko har sun fara shirin bautar ƙasa, saboda haka na yi ta roƙonta har ta sakar mini, ba don ranta ya so ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne bayi. Duk makewayin da ke ɗakin kwanan ɗalibai na tsuguno ne, na zama guda ɗaya da na sani kuwa yana can sashenmu, tafiyar da ke cin mini kusan rabin sa'a a kan sanduna. Sai na yanke wa kaina shawarar da har yau nake nadamarta, na rage ci da sha don in rage fita. Ni da aka horar tun ina yarinya cewa mai sikila ba ya wasa da ruwa, na koma leda biyu a wuni. Abinci kuwa dama a cikinmu babu mai cin na kirki a lokacin jarrabawa, daga kwaki da ƙuli-ƙuli sai taliyar Indomie da tsakar dare, sai Nescafe da goro don korar barci. Ga shi Baba ya sayar da filinsa kafin a yi mini aikin, nauyin in buɗe baki in ce kuɗina sun ƙare ya fi mini yunwar ciwo. Idan na kwanta zuciyata ta dinga bugawa ke nan, ina lissafin darussan da aka yi ba na nan.

Magungunan kashe zafin da nake sha suna busar da ciki, rashin ruwa ya ƙara tsananta abin, har na kwana 5 ban zaga ba. Daren da zan wayi gari in rubuta takarda ta uku, wajen ƙarfe 2, ciki ya murɗa mini. Na tashi ƙawata ta raka ni, ta riƙe hannuwana biyu tana cewa, “Bi a hankali, ’yar’uwa, kada ki yi ƙasa sosai.” Ban kai rabi ba na ji wani ƙas a ƙuguna, azabar da ta biyo baya kuwa ko a tashin sikila ban taɓa jin irinta ba. Da aka haska fitilar waya, sai ga ƙafata ta gajarce, yatsunta sun juya suna kallon ɗaya ƙafar.

Hoton ƙashi ya nuna ƙwallon ƙarfen ya goce daga mazauninsa. Aka yi mini allurar barci aka mayar da shi ba tare da an sake yanka ba, aka ɗaura mini ƙarin ruwa, daga baya aka ƙara mini jini. Da likitan ya ji abin da nake ci, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, “’Yata, da me kike so jikin ya ɗinke wannan yanka?” Ya sa Umma ta riƙa kawo mini wake da ƙwai da awara da kwaɗon zogale da gwanda, ya ce in ci gaba da shan folik asid, amma kada in sayi maganin ƙarin jini a kemis ba tare da gwaji ba, domin wanda ake yawan ƙara wa jini sinadarin ƙarfe na iya taruwa a jikinsa ya cutar da shi.

Gocewar ba ita ta fi tayar masa da hankali ba. Ƙarshen ɗinkin ya yi ja yana tsattsafo da ruwa, ga zazzaɓi da yamma. Ya bayyana mana cewa idan ƙwayoyin cuta suka lafe a jikin ƙarfe sukan yi wa kansu rufin da magani ba ya ratsawa da sauƙi, wani lokacin sai an cire ƙarfen gaba ɗaya an yi makonni ana allura kafin a sake dasa wani, kuma mu masu sikila mun fi saurin kamuwa saboda saifarmu ta yi rauni. Washegari ya zuƙi ruwa daga gaɓar da doguwar allura ya aika ɗakin gwaji, ya ce sakamakon zai ɗauki kwanaki. Umma ta shimfiɗa dardumarta a gefen gadona, ba ta ce mini ko da kalma ɗaya ta zargi ba.

Abin da gwajin ya nuna, da yadda muka ƙare da shugaban sashenmu a kan takardun da na rasa, zan kawo su mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.