Godiya ga waɗanda suka tsaya kan shari'ar fadama

Assalamu alaikum. Kwamitin manoman fadama na unguwarmu, nan Birnin Kebbi, yana godiya ga Allah, sannan ga jama'a, bayan kotu ta ba da umarnin a dakatar da cike fadamar da aka yanka filayen gidaje har sai an gama sauraron ƙara.

Godiya ta farko ga lauyoyinmu. Su suka hana a ɓata lokaci, domin ƙarar jami'in gwamnati kan aikin ofishinsa wa'adin wata 3 gare ta. In ya wuce, ɗaya ɓangaren zai nemi a kori ƙarar tun ba a taɓa gundarin maganar ba. A nan jama'a suka fi faɗuwa: ana ta zaryar sulhu, kwanaki na tafiya. Kuma lauyoyin ba su ja da ikon gwamna ba, tunda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa masa ƙasa amana. Sun tsaya ne kan dokar nazarin tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992, wadda ta ce rukunin gidajen da ya kai hekta 50 sai an yi nazari kafin a sa hannu. Rahoton kuma ana baje shi kwanakin aiki 21 domin jama'a su karanta, su rubuta ƙorafi. Ba a yi ko ɗaya ba.

Safiyon da ya auna mana filin, Allah ya biya shi. An rarraba wurin kashi-kashi a takarda don kowane kashi ya gaza hekta 50, shi kuwa ya fitar da taswira ɗaya mai nuna titunan duk a haɗe suke, aikin guda ne.

Iyayenmu dattawa sun yi takardun rantsuwa, kowa ya faɗi inda ruwan gulbi yake kaiwa a Agusta da Satumba, aka haɗa da hotunan alamar da ambaliyar 2020 ta bari a jikin katangu. Wannan shaida ta fi kowace nauyi a wurinmu. Fadama ce ke shanye ruwa in gulbi ya batse; in aka cike ta da jar ƙasa, gidajen gangare zai nufa.

Matasa, mun gode da haƙuri. Ba wanda ya tuge turken siminti ko ya tare tifa, da tuni maganar ta koma hannun 'yan sanda. Iyaye mata da suka yi karo-karon kuɗin shigar da ƙara, da mai girma Hakimi da ya ba da zaurensa, Allah ya saka da alheri.

Umarnin na wucin gadi ne, shari'a na gaba. Duk mai takardar cinikin gona, ko ta rabon gado, ko shaidar mallaka, ya kai wa sakatare kwafi biyu kafin zama na gaba, ya riƙe ta asalin a hannunsa.