Fom ɗin da ban cike ba

Ranar Juma'a na miƙa makullin ofis, bayan shekara huɗu ina cike wa mutane takardun haraji a Bronx, cikin birnin New York. Har yau fayil ɗin Likita ne ke tsaya min a rai.

Mutumin Zariya ne, ya yi aiki a Ingila kafin ya ƙaura Amurka, ya baro kuɗinsa a asusun ISA, wani asusun ajiya da zuba jari na Ingila, an zuba su a gidauniyoyin hannun jari uku. A Ingila ba a cire haraji a ISA. Da ya faɗa min haka sai na gyaɗa kai, na sa asusun a FBAR, takardar bayyana asusun ƙasar waje, tunda ya haura dala 10,000, na wuce. Ashe IRS, hukumar harajin Amurka, ba ruwanta da alfarmar Ingila. A wajenta kowace cikin ukun PFIC ce, wato kamfanin waje da kashi 75 na kuɗin shigarsa daga ruwa da ribar hannun jari yake zuwa, ko rabin kadararsa irin mai haihuwa tana kwance ce. Kowace da fom 8621 nata da ake bayyana ta a ciki, duk shekara. Ana ɗaga wa wanda abinsa bai wuce dala 25,000 ba ƙafa, amma na Likita ya ninka haka.

Sai da ya sayar asiri ya tonu. Ribar aka watsa a kan shekarun da ya riƙe hannun jarin, aka caji kason shekarun baya a matakin haraji na ƙoli, kashi 37, aka ɗora kuɗin ruwa. Da na farga tun shekarar farko, da mun zaɓi biya bisa farashin kasuwa duk ƙarshen shekara, da abin bai kai haka ba.

Oga ne ya sa hannu a takardun nan duka. Amma a gaban Likita ya nuna ni da biro: "Yaron nan, na sha gaya masa." Wallahi bai taɓa ba. Likita ya cire tabarau ya ce, "Malam, yanzu mene ne mafita?" Dare tara na yi ina lissafi, ni kaɗai.

Masu shigowa wannan aiki, ku tambayi inda aka yi wa gidauniya rajista. Rashin fom 8621 ɗin nan na barin shekarar a buɗe ga bincike. Duk umarnin oga, ku nemi ya turo ta imel.

Jiya Likita ya kira yana tambayar adireshin sabon ofishina.