Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Azumin da Na Yi a Bakin Gada

A makon jiya na tsaya ne a inda jirgi ya sauke mu a filin jirgin saman Lungi, aka tsallaka da mu ta ruwa zuwa Firitawun, babban birnin Saliyo, a matsayin dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma. Kafin in ci gaba ya kamata mai karatu ya san abin da muka tarar. A watan Mayun 1997 ne sojoji ƙarƙashin Manjo Johnny Paul Koroma suka kifar da gwamnatin Ahmad Tejan Kabbah, suka kirawo 'yan tawayen RUF daga daji aka raba mulki da su. A Fabrairun 1998 dakarunmu suka fatattake su daga birnin, a watan Maris kuma Kabbah ya koma kujerarsa. Mu da muka iso daga baya mun ɗauka ƙura ta lafa, ashe an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Azumin shekarar ya kama a ƙarshen Disamba, kuma tun kafin a kai goma ga wata labarai marasa daɗi suka fara shigowa daga arewa da gabas: Kono ta faɗi, Makeni ta faɗi. Kullum sai ayarin 'yan gudun hijira ya kwararo cikin birni, mata da goyo, tsofaffi da ƙunshin tsumma a ka, yara suna jan awaki. Mun riƙa buɗe musu hanya saboda tausayi, domin babu mai imanin da zai tare uwa da jariri a bakin shinge. Daga baya ne muka gane cewa a cikin wannan ayarin wasu mayaƙan suka saje, makamansu kuma suna naɗe a cikin katifu da buhuna.

Daren Laraba, 6 ga Janairun 1999, ina zaune ina sahur da shinkafa da kifin gwangwani sai muka ji harbi daga gabas, ta wajen Calaba Town da Wellington. Kafin rana ta take 'yan tawayen sun ratsa Kissy, sun shiga tsakiyar gari, sun kama fadar gwamnati, sun kuma fasa gidan yarin Pademba Road sun saki fursunoni. Firitawun gari ne da ya matse tsakanin duwatsu da teku, dogo ne siriri kamar zariyar wando, saboda haka wanda ya riƙe 'yan hanyoyin da suka ratsa shi ya riƙe maƙogwaronsa. Aka janye mu zuwa yamma, aka ce mu tsaya a gadar Congo Cross, kada mu bari ko kaza ta haye zuwa ɓangaren barikin Wilberforce.

A Kaduna da Jaji an koya mana yaƙin da ake sanin inda abokin gaba yake: ga ramukanku, ga nasa, ga fili a tsakani. Wannan kuwa yaƙin sari-ka-noƙe ne a cikin lunguna, wanda mai harbinka yake sanye da gajeren wando da silifas, ya yi harbi daga tagar bene, ya jefar da bindigar a kwata, ya fito ya shiga layin masu neman ruwa. Sun riƙa tilasta wa jama'a fitowa kan titi suna waƙar neman zaman lafiya, su kuma suna tafe a bayansu da bindigogi. Idan ka yi harbi ka kashe bayin Allah, idan ka ƙi harbi a cimma ka. A ganina wannan ita ce mugunta mafi girma da aka yi a garin, domin ita ce ta mayar da kowane farar hula abin zargi.

A bakin gadar aikinmu ya koma duba mutane ɗaya bayan ɗaya. Mukan sa namiji ya tuɓe riga mu duba kafaɗarsa ko akwai shatin igiyar bindiga, mu duba yatsansa ko ya yi kanta, mu duba ƙirjinsa, domin akwai yaran da 'yan tawaye suka tsaga wa haruffan ƙungiyarsu a fata don kada su gudu. Yau da nake zaune a Kawo ina rubuta wannan, na san cewa waɗannan alamu ba hujja ba ce: ɗan dako ma yana da shati a kafaɗa, manomi ma yana da kanta a hannu, yaron da aka tsaga wa ƙirji kuma sato shi aka yi daga gaban iyayensa. Amma a lokacin tsoro ne alƙali, kuma har yanzu idan na tsaya a layin karɓar fansho nakan tsinci idona a kan kafaɗun mutane.

Wata rana dab da magariba wani dattijo Bafulatani, irin masu ƙananan kantunan da suka cika garin, ya iso riƙe da hannun wani yaro da bai wuce shekara goma sha huɗu ba. Da aka ɗaga rigar yaron sai ga shati baƙi ya ratsa kafaɗarsa ta dama. Kofur ɗin da ke tare da ni, wani Bazazzagi da aka kashe amininsa kwana biyu kafin nan, ya finciko yaron gefe ya ɗana bindiga, ya ce, "Oga Saje, wannan nasu ne, ka bar ni da shi." Dattijon bai iya Hausa ba, Fulatancinsa kuma ba irin wanda kunnena ya saba da shi ba ne, sai ya durƙusa ya kama takalmina yana maimaita kalmar shahada, yana nuna jarkar ruwa mai igiya da yaron ya ajiye a ƙasa. Na ɗauki jarkar na rataya wa yaron, igiyar ta zauna daidai kan shatin. Na ce wa kofur, "Sauke bindigarka, da azumi a bakinka." Ya daɗe yana kallona kafin ya sauke. Ba zan ɓoye ba, da jarkar ba ta wurin, ban san abin da zan ce masa ba.

Da aka kira salla dattijon ya kwance bakin rawaninsa ya fito da dabino uku, ya ba ni ɗaya, ya miƙa wa kofur ɗaya, ya raba na ukun shi da jikansa. Da shi muka sha ruwa a ranar.

A nan Kaduna kuwa, kamar yadda uwargida ta ba ni labari bayan na dawo, matan bariki sun daina kwana a ɗakunansu. Sukan taru a ɗakin wadda take da rediyo mai kyau, cikin sanyin hunturu, su saurari sashen Hausa na BBC da asuba da dare, kuma duk motar da ta tsaya a bakin layi sai gaban kowace ya faɗi har a ga ƙofar da aka nufa.

Da ƙarin dakaru suka iso muka fara tura 'yan tawayen baya, unguwa bayan unguwa, su kuma suna ja suna cinna wa gidaje wuta da mutane a ciki, suna datse hannayen waɗanda suka kama. Dubban mutane suka mutu a cikin makonnin nan. Sallar azumi ta same mu a kan hanyar Kissy, babu idi, babu sabon kaya, hayaƙi ya rufe gabas gaba ɗaya. A wannan hanyar ce na samu raunin da ya dawo da ni gida, kuma daga nan zan ɗora a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.