Shekarar da Memori Ya Yi Kwantai

Tun ƙarshen 2022 na fara ganin abin a kan teburina: RAM da SSD, wato memorin aiki da na ajiyar fayil, da muke saka wa kwamfutocin jama'a sai sauka suke a dala. Mutane sun gama sayen waya da laftof lokacin korona, kaya suka yi wa masu ƙera su kwantai. Kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan duk kasuwar RAM ta duniya, Samsung da SK Hynix a Koriya ta Kudu, sai Micron a Amurka. SK Hynix ya ce zai zaftare fiye da rabin jarin da zai zuba a 2023, Micron ya sallami ma'aikata. Samsung kuwa ya ci gaba da zuba kuɗi a masana'antunsa. Sai a Afrilun 2023, da ribarsa ta zube da fiye da kashi 90 cikin ɗari, ya yarda ya rage yawan abin da yake fitarwa.

Ina bin labarin nan ne don na san makomar wanda ƙarfinsa ya ƙare ana tsaka da kwantai. Har gobe in na kwance tsohuwar laftof 'yar tokumbo nakan ga sunan kamfanin Elpida ko Qimonda a jikin RAM. Qimonda ta Jamus ta durƙushe a 2009, Elpida ta Japan a 2012, Micron ya saye ta.

Mu a Kano ba mu mori arhar ba, don naira ta faɗi a Yunin 2023. Ciniki ya yi sanyi. A lokacin na ciji yatsa na sayi sabon madubin ƙara girma da injin hura zafi mai kyau. Maƙwabta suka ce na yi gaggawa. Maigidana da ya koya mini aiki, Allah ya saka masa, wata shida ya sa ni cire IC, ƙananan na'urorin da ake liƙa wa da dalma, daga matattun bod, wato allon cikin waya, kafin ya bar ni in taɓa wayar mutum. Yau nakan ɗaga IC ɗin memori, in share tsohuwar dalma tas, in jera sababbin ƙwayoyin dalma ƙanana kamar gero, in mayar, waya ta tashi da hotunan mai ita cikakku.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jabu. Wani dila ya taɓa kawo mini SSD ashirin, kwali tsaf, tambari tsaf. Na buɗe ɗaya, sai ga tsohon IC an kankare lambarsa an buga sabuwa. Duka na mayar masa. Amma kwastoma zai tsaya ya ce, "Malam, a can gaba rabin kuɗin ne fa." Nakan ja masa kujera, in jona nasu da namu a kwamfuta, in cika kowanne da fayil a gabansa, mu jira tare.