Dambun naman da bai shiga ba

Wata 14 Auta ya yi a gidan yarin jihar Niyok ta Amurka kafin wani daga gidanmu ya taka ƙafarsa wurin. Ba zan ɗora wa nisa laifin duka ba, kunya ce ta riƙe mu. A masallacinmu na Bronx, cikin birnin Niyok, in mata suka tambayi Umma ina autanta, sai ta ce yana can arewacin jihar wajen aiki, ta yi maza ta sako wata hirar. Ni kuma, da nake yayarsa, na fake da aikin jinyar tsofaffi da nake yi har ranakun Asabar.

Lokacin da ake shari'arsa yana tsare a tsibirin Rikers, wanda na birnin Niyok ne, bas ɗaya kake hawa daga unguwar Queens ka tsallaka gada. Amma wanda aka yanke wa ɗaurin da ya haura shekara ɗaya, hannun jiha yake komawa, kuma yawancin gidajen yarin jihar suna can cikin ƙauyukan arewa, wasu dab da iyakar Kanada. A Amurka kowace jiha da nata gidajen yarin da nata dokokin, ban da na gwamnatin tarayya. A Kalifoniya, alal misali, sai ka cike takarda an amince da sunanka kafin ka doshi ƙofa. A inda Auta yake, ranar zuwana na farko aka yi mini rajista a bakin shiga. Don haka abin da zan faɗa na Niyok ne, kada wani ya ɗauke shi ya tafi da shi Teksas.

Abu na farko da na haddace shi ne lambarsa. Suna kiranta DIN: lambobi biyu na shekarar da mutum ya shiga, harafi ɗaya, sai lambobi huɗu. A can sunan da aka raɗa maka ranar suna ba shi da wani amfani sosai, da lambar nan ake nemanka a shafin intanet na hukumar gidajen yari, ita ake rubutawa a bayan wasiƙa, ita gandiroba zai tambaye ka. Na duba ranar Litinin, na ga gidan da yake, na biya kuɗin mota na daren Juma'a.

Motocin nan na 'yan kasuwa ne, suna tashi daga Bronx da Brooklyn wajen tsakar dare. Kusan duka mata ne a ciki, iyaye da matan aure da yara a nannaɗe cikin bargo. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta ce da can jiha ce ke ba da bas kyauta, aka soke a 2011. Mun kwana muna tafiya, awa bakwai, a watan Maris, dusar ƙanƙara jibge a gefen hanya. Na yi alwala a bayan gidan wani gidan mai, na yi Asuba a zaune a kujerata. Da layi ya zo kaina na miƙa fasfo, gandiroba ya buga lambar a kwamfuta, ya ɗago ya ce ba ya nan, an mayar da shi wani gida ranar Alhamis.

Ba a sanar da fursuna ranar da za a ɗauke shi, balle danginsa. Na zauna a ɗakin jira tun safe har ƙarfe uku da rabi ina jiran waɗanda suka samu shiga, don motar ba za ta juya saboda ni ba. Dattijuwar nan da ta fito ta gan ni, ba ta yi mini jaje ba. Cewa ta yi lamba daren tafiya ake duba ta, sa'annan a buga waya gidan a tambaya abu biyu: ko an buɗe ziyara gobe, kuma ko ranarsa ce, don wasu gidajen suna raba Asabar da Lahadi bisa harafin suna ko ƙarshen lamba. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Tun daga ranar ban sake biyan kuɗin mota ban yi waɗannan ba, kuma sun yi mini rana a watan Fabrairun 2025, lokacin da gandirobobin jihar suka shiga yajin aiki aka rufe ziyara na makonni.

Da na dawo gwiwa a sanyaye na ba Umma labari, sai ta yi shiru, can ta ce, "Wancan zuwan da ni za a yi."

Nan rigimar tsaraba ta tashi. Tun daga 2022 jihar ta hana iyali kai wa fursuna abinci da hannunsu ko aika shi ta gidan waya, sai dai ka saya wajen kamfani su aika masa kai tsaye. Na yi wa Umma bayani sau uku. Ta ce, "Ke dai ba ki ji da kyau ba. Wane irin gari ne za a hana uwa ta ba ɗanta abinci?" Ta aike ni mahauta na sayo cinyar sa, ta dafa shi da citta da kanumfari da albasa har ya yi lugub, ta daka a ɗan turmin da ta zo da shi daga Zariya tun zuwanta na farko, ta soya a hankali har ya tashi wara-wara. Kwana biyu tana abu ɗaya. Duk benenmu ya ɗauki ƙamshi. Na bar ta, don na gane ba gardamar doka take yi da ni ba. A tarbiyyarta ba a zuwa gaida mutum hannu rabbana, ko maƙwabci ne ya yi zazzaɓi, balle ɗan da ta haifa.

Ni kuwa shirin da na yi na tufafi ne, don ƙarfe shi ne babban abokin gaba a ƙofar nan. Na cire wa Umma 'yan kunne da awarwaro tun a gida. Na saya mata hijabin da ake zurawa, wanda ba ya bukatar allura ko fil. Rigar mama mai waya a ciki tana sa na'ura ta yi ƙara, sai a nemi marar waya. Leshi mai duwatsu da doguwar riga mai adon ƙarfe duk na ajiye su gefe, ta sa atamfa. Maganin hawan jininta na bar shi a kwalbarsa ta asali mai sunanta, domin sai an nuna shi an ajiye a wajensu. Fasfo na duba bai ƙare ba. Ɗiyar ƙanwata ta so bin mu, amma yaro sai da takardar haihuwa, in kuma ba iyayensa ne suka kawo shi ba sai da izininsu a rubuce da hatimi, shi ya sa muka bar ta sai wani karon.

A ƙofa akwai akwatunan ajiya masu makulli. Waya, jaka, carbi, har goron da Umma ta ƙulle a habar zani, duk ciki suka shiga. Robar dambun ma haka. Ta riƙe ta da hannu biyu ta nuna wa ma'aikaciyar, ta ce mini, "Gaya mata nama ne kawai, ta ɗanɗana ta ji." Matar ta girgiza kai cikin ladabi. Umma ba ta ƙara magana ba, ta saka robar a akwati da kanta, ta murɗa makulli.

Wata ma'aikaciya mace ta kai mu wani ɗan ɗaki, muka cire hijabi ta duba gashinmu muka mayar. Wannan shi na fi jin tsoro a hanya, sai ga shi bai kai minti biyu ba, kuma babu namiji a wurin. Aka buga mana hatimi a bayan hannu, na tawadar da ba a gani sai an haska wata fitila. Abin da ya wuce da mu ciki shi ne makullin akwati da kuɗin sayen abinci a cikin leda mai nuna abin da ke cikinta.

Sai jira. In lokacin ƙidayar fursunoni ya riske ka, ba mai motsi sai lissafi ya cika. Mun fi awa ɗaya a teburin da aka ba mu kafin wata ƙofa ta buɗe ya fito cikin koren wando irin nasu. Ya yi gemu. An yarda a rungumi juna a farko da ƙarshe, amma shi da ya iso sai ya durƙusa har ƙasa.

"Umma, ina kwana. Yaya, sannunku da hanya."

"Tashi, Auta," in ji ta. "Tashi, ana kallonka."

Na shirya maganganu cike da ciki. Na so in tambaye shi me ya kai shi, in gaya masa abin da ya ja mana. Ko ɗaya ban faɗa ba, kuma na gode wa Allah da ban faɗa ba. Umma ce ta karɓe zancen. Ta ba shi labarin wanda ya yi aure a Tudun Wada, da wanda ya rasu, da rufin gidan Kawu da iska ta yaye, da tsadar doya a shagon 'yan Gana. Hausarsa da ta ɗan tsuke tana warwarewa a hankali. Ya ce akwai limami, suna yin Juma'a, ya yi azumin bara cikakke, kuma ya kai izu biyu a hadda. Ya ce wasiƙuna suna zuwa, waya ma yana samu, amma in aka kira lambar mutum ranar Asabar aka ce yana da baƙi, kallon da ake yi masa a ɓangarensu ma daban ne. Ashe wata 14 yana jin ana kiran na wasu.

A ɗakin akwai injinan sayar da abinci a jikin bango. Fursuna ba ya taɓa kuɗi, ba ya zuwa wajen injin, baƙonsa ne ke saya ya kawo masa. Na miƙe zan je, Umma ta riƙe mini zani. Ita da ko katin jirgin ƙasa ba ta yarda ta saya da kanta, ta tsaya gaban injin nan tana tambayata wanne ne babu alade. Muka zaɓi na kifi. Ta sa a na'urar ɗumama abinci, ta juye a farantin takarda, ta gyara shi da cokalin roba kamar wadda ta sauke tukunya, ta kawo ta ajiye gabansa ta ce, "Bisimilla." Ta zuba masa ido har ya cinye, ta koma ta sayo wani.

Wajen ƙarfe uku aka ce lokaci ya yi. A nan ne ta rungume shi, abin da ban taɓa gani ba tun da ya yi wayo. Aka haska hannuwanmu, muka fito, muka haɗa Azahar da La'asar a gefen mota kan kwalin da direba ya ba mu.

Komawa ta fi zuwa nauyi, motar tsit, kowa ya jingina kai da taga. Mun yi kamar awa ɗaya a haka sai na ji Umma tana ɓare murfin roba. Ta miƙa wa matar da ke bayanmu, ta yi mata alama da hannu ta ɗiba ta miƙa gaba. Wata ta tambaya mene ne wannan, na rasa yadda zan fassara, na ce nama ne da aka daka. Kafin mu kai garin Albany robar ta dawo wayam, har da mai lashe yatsa.

Yanzu duk bayan wata biyu muke zuwa. Daren Alhamis ina duba lamba, Juma'a da rana in buga waya, in ƙirga kuɗin leda. Umma kuma tun Laraba take aike na mahauta. Ta san sarai ba zai shiga ba. Roba biyu take cikawa, ɗaya ta matan mota, ɗaya ta direba, wanda ya koyi cewa "dambu" kuma yakan tambaya tun kafin mu zauna.